'Yar da Na Ɗauka Sau Ɗaya

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ba mu kuma ya karɓi abinsa. Sunana Shu'aibu, direba ne ni, ina jan ƙaramar motar haya tsakanin Lafiya da Doma. Ba marubuci ba ne ni. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan shi ne maza irina: wanda matarsa ke da ciki yanzu, da wanda ya riga ya dawo daga maƙabarta bai gaya wa kowa abin da ke cinsa ba.

Shekararmu shida da aure ni da Rakiya kafin Allah ya ba ta ciki. Muna zaune a unguwar Akurba, ɗaki biyu na haya, tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a gida. Ranar da aka tabbatar mana da cikin, sai da na ɗauki fasinja uku kyauta har Doma. Cikin yana wata biyar na sayi ɗan rago na ɗaure a bayan ɗaki, ina cewa kafin suna zai yi ƙiba. 'Yan tasha suka fara kirana angon ƙarni tun ba a je ko'ina ba.

A farkon wata na takwas ƙafafun Rakiya suka kumbura. Silifas ɗinta ya daina shiga, ta koma sa nawa. Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, ta zo ta duba ta yi dariya.

"Wannan ai namiji ne ke tafe. Duk wanda na haifa namiji, sai da ƙafata ta yi kamar turmi. Ki rage gishiri kawai, 'yar nan."

Muka ji daɗin maganar, domin ita muke son ji.

Mako na biyu ciwon kai ya shigo. Na kai ta awo. Wanda ya san awo a babban asibiti ya san yadda ake yi: ka fita bayan asuba, ka tarar da mata sun cika benci har baranda, a karɓi kati, a jira. Sai wajen azahar aka kira ta. Nas ɗin ta ɗaura mata abin awon jini sau biyu, ta ce ya ɗan hau. Ta rubuta magani da takardar gwajin fitsari, ta ce lallai mu dawo ranar Talata mai zuwa, kada mu wuce.

Nan ne inda na yi kuskuren da nake so kowane namiji ya ji. Talata ta zo, an samu ruwan sama tun safe, ni kuma wani ɗan kasuwa ya yi shatar motata zan kwaso masa sabuwar doya daga Agyaragu. Rakiya ta riga ta sa hijabinta, katin yana hannunta. Na ce, "Ki bari sai Talata ta sama. Ai kina shan maganin." Ba ta yi musu ba. Ta cire hijabin ta rataye a ƙusa.

Mako na uku fuskarta ta kumbura, zobenta ya maƙale a yatsa. Ta ce wani lokaci tana ganin haske-haske na yawo a idonta. Maƙwabciya ta ce rashin jini ne, a dafa mata zogale. Gwaggo ta aiko da rubutu. Wani a tasha ya ce matarsa ma ta yi haka, ta haihu lafiya. Kowa ya ba da shawara da kyakkyawar niyya, kuma babu wanda ya ce mu tashi mu tafi asibiti yau.

Ranar Lahadi da hantsi ina tasha ana mini lodi ta kira ni. Muryarta a ƙasa ta ce, "Shu'aibu, ka zo. Ba na jin motsi." Na sauke fasinja na koma gida. A hanyar asibiti ta yi amai sau biyu, tana riƙe da saman cikinta ta dama.

Da yake Lahadi ce, mai ɗaukar hoton ciki ba ya nan, sai da aka kira shi. Muka jira fiye da awa biyu. Ni ne nan wurin biyan kuɗi, ni ne nan wurin sayen safar hannu da allura da ledar ƙarin ruwa, kowace takarda da layinta. Ba na ƙorafi a kan abin da na kashe. Ƙorafina shi ne a ce mace na kwance da ciwo, mijinta na yawo da takardu daga taga zuwa taga.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, Hausarta irin tamu ta Lafiya. Ta kira ni gefe ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Zuciyar jaririn ta tsaya. Yanzu uwar muke nema."

Har yau wannan maganar tana kaina yadda ta faɗe ta. Ta yi mini bayani cewa akwai hawan jinin da ciki ke kawowa, yana hana abinci isa ga jariri, in aka bar shi kuma yakan jefa uwa cikin jijjiga. Ta ce kumburin fuska da ciwon kai da ganin haske duk kiran gaggawa ne. Na buɗe baki zan tambaye ta ko da mun zo ranar Talata da abin bai faru ba. Na kasa. Na ji tsoron amsar.

Aka sa wa Rakiya maganin naƙuda. Ta kwana ta wuni tana naƙudar abin da ta san ba zai yi kuka ba. Ba a barin maza shiga, don haka ina waje a kan dakali tare da wasu mazan da ke jiran albishir. Duk wanda aka fito aka kira, sai ya miƙe yana murmushi, sauran su ba shi hannu. Ni ma na ba mutum biyu hannu.

Ranar Litinin da la'asar ta haihu, jini ya ɓalle mata. Aka ce a nemo masu ba da jini. Na kira abokina Emmanuel, direba ne a layinmu, ɗan ƙabilar Eggon. Kafin a yi minti arba'in ya iso da mutum huɗu daga tasha, har da mai facin taya. Biyu daga ciki jininsu ya dace. Ban san da bakin da zan gode wa mutanen nan ba. Allah ya saka musu, ya tsare musu iyalinsu.

Sai wata nas ta leƙo ta ce, "Ina mijin Rakiya? Zo ka karɓi abinku." Ta miƙo mini kwalin ledar ƙarin ruwa, da gawar jaririn a ciki. Na tsaya ina kallon kwalin, hannuna ya ƙi ɗagawa. Wata dattijuwa mai share ɗakin, ban san sunanta ba har yau, ta ajiye tsintsiyarta ta ce, "Haba, ba haka ake yi ba." Ta karɓi kwalin ta shiga ciki, ta fito da jaririyar a naɗe cikin sabon zanin da Rakiya ta zo da shi, ta sa mini a hannu biyu kamar yadda ake miƙa wa uba ɗansa. Ta ce, "Mace ne. Kyakkyawa. Allah ya ba ka haƙuri, ɗana."

Na buɗe fuskar na duba. Ni kaɗai na gan ta a cikinmu, domin Rakiya ba ta cikin hayyacinta, kuma matan da ke wurin sun ce gara kada a nuna mata.

Emmanuel ya ja motata, ni ina baya da ita a cinyata. Sau ɗaya ya dubi madubi ya ce, "Oga Shu'aibu, sori." Limamin unguwarmu ya ce tunda ba ta yi kuka ba, ba za a yi mata salla ba, za a goge ta a naɗe a rufe. Mu huɗu ne a maƙabarta, Emmanuel na biyar yana tsaye daga bakin hanya ya cire hula. Ramin bai kai tsawon hannuna ba. Kafin magariba an gama komai. Shekara shida muna jira, na riƙe ta abin da bai fi awa ɗaya ba.

Daga nan jinya ta fara. Kwana shida Rakiya ta yi a asibiti. Da za a sallame ta likitar ta ja mini kunne: magani safe da yamma, awon jini duk bayan kwana uku, ban da kanwa, ban da wankan tafasasshen ruwa. Muna isa gida na tarar Gwaggo ta sa an kawo itace da ganyen darbejiya, ta jiƙa gero za a dama kunun kanwa.

Na ce, "Gwaggo, likita ta hana."

Ta ce, "Likitar nan haihuwa nawa ta yi? Jego jego ne, ko da ɗa ko babu. So kake jikinta ya ruɓe?"

Tunda nake ban taɓa ɗaga wa Gwaggo murya ba. Ranar na ce, "Na bi maganar kowa na rasa ɗaya. Ba zan rasa ta biyu ba." Ta shiga ɗaki ta yi kuka, har ta ɗaure kayanta. Da yamma ta kwance su. Ita ce ta zauna da mu wata guda, tana yi wa Rakiya wanka da ruwa mai ɗumi, tana dama mata kunun gyaɗa ba kanwa. Na yi fushi da ita a kan maganar turmi, amma ban manta cewa ita ke wanke zannuwan jinin da hannunta ba.

Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne nono zai zo. Tun a asibiti ya zo, ya cika, ya yi tauri, yana jiƙa mata riga. Nas ta ce a ɗaure ƙirjin da zani sosai, kada a tatsa. A gida ni nake riƙe bakin zanin Gwaggo na ja. Rakiya takan juya fuska bango.

Mata suka yi ta zuwa. Su zauna da ita, su yi kuka tare, kowace ta ba da labarin nata ɓarin ko na 'yar uwarta. Ni kuwa gaisuwata iri ɗaya ce a masallaci da tasha da bakin titi: "Ya jikin madam?" In ce da sauƙi. "To Allah ya kawo rayayye." Wani ya dafa kafaɗata ya ce, "Gara ma da ba ka saba da ita ba." Wani ya ce, "Kai namiji ne, ka ƙarfafa mata gwiwa." Babu mugu a cikinsu. Amma babu wanda ya yi mini ta'aziyya irin wadda ake yi wa wanda ya rasa ɗa, kuma ni ma ban san ina da haƙƙin a yi mini ba.

Sai na zama namijin da suka ce. Mako na biyu na koma aiki. Ina shiga gida da fara'a, ina kawo mata tsire da lemo, ina ba ta labarin rigimar fasinja. In ta fara maganar jaririyar sai in ce, "Ki bar tunawa, jininki zai hau." Ragon nan kuwa na kasa kallonsa. In ya yi kuka sai in ji kamar ana tsaga mini ƙirji. Wata Juma'a na kwance shi na kai gidan liman na ce a yanka a raba wa mabukata. Ban yi shawara da Rakiya ba.

Mako na huɗu jikina ya fara ba ni labari. Abinci ba ya wucewa. Barci in ya zo ba ya daɗewa. Wani abu ya tokare mini ƙirji kamar na haɗiye dutse. Na zama mai faɗa. Na zagi wata tsohuwa a kan buhun rogo, abin da ban taɓa yi ba. Kuma duk inda na ga mace da hijabi tana riƙe da katin asibiti, sai in ji muryata tana cewa "sai Talata ta sama." Na je kemis aka haɗa mini maganin maleriya da na olsa. Ba su yi komai ba.

Mako na shida, da rana tsaka, na taso daga Doma da mutum shida. Wata mata a baya ɗanta ya fara kuka, irin kukan sabon haihuwa. Ban san lokacin da hankalina ya bar titi ba. Ihun fasinja ne ya dawo da ni, na ga mun sauka gefen hanya, gaban motar ya shiga kunyar doyar mutane. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Na fito na zauna a ƙasa. Emmanuel na bayana da nasa lodin. Ya tsaya, ya raba fasinjana a wasu motoci, ya zare makullina ya sa a aljihunsa.

"Ba za ka ja mota ba sai ka ga likita," in ji shi. "Ko ka yi fushi, ka yi. Mutane ne kake ɗauka, ba doya ba."

Washegari ranar awon Rakiya ce. Bayan an gama da ita, likitar ta dube ni ta ce, "Malam, miƙo hannunka." Ta auna, ta sake aunawa. Ta ce nawa ya fi na matata hawa. Sannan ta tambaye ni, "Kai wa ke jinyarka?" Na yi dariya na ce ai ba ni na haihu ba. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kai ma 'yarka ce ta rasu." Ta rubuta mini magani, ta ce in huta mako biyu, in nemi wanda zan yi magana da shi. Na karɓi maganin. Maganar kuwa ban san da wa zan yi ta ba.

Cikin hutun nan surukina ya zo. Baba Audu manomi ne a wani ƙauye bayan Agyaragu, ɗan ƙabilar Gwandara ne, Hausarsa ta kasuwa ce. Tsakanina da shi gaisuwa ce a durƙushe, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ya kawo doya da kaza, ya ga 'yarsa, sannan ya fito ya ce in raka shi. Na ɗauka bakin titi za mu. Sai ya zauna a gindin mangwaron ƙofar gida ya nuna mini gefensa. Na tsuguna nesa. Ya ce, "Zauna nan. Yau babu suruki."

Ya dubi ƙasa ya ce, "Kafin Rakiya akwai wani. Namiji. Ya zo bai yi kuka ba. Ni na binne shi bayan gona, ni kaɗai, da safe na ɗauki fartanya na tafi noma. Mutane suka ce Audu jarumi ne." Ya girgiza kai. "Da yana nan, ya girme ka da shekara biyu. Kowane damina ina lissafa shi. Maman Rakiya ya mutu bai san ina lissafawa ba. Yana tsammani na manta tun ranar."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba, a gaban surukina, a bakin hanya, masu babur na wucewa. Bai ce in yi haƙuri ba. Ya bar ni na yi mai isata. Da na lafa ya ce, "Yarinya na ya gaya mini ka ba da rago, ka koma aiki, kana dariya. Yana tsammani abin bai dame ka ba. Kada ka yi irin nawa. Shiga ka gaya masa."

Bayan la'asar na shiga. Rakiya na zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa, karo na farko da ta taɓa sana'arta tun dawowarmu. Na zauna na ja tiren gabana ina taya ta. Na ce, "Rakiya, ranar Talatar nan da na hana ki zuwa awo. Kullum da ita nake tashi. Ni na jawo mana."

Ta tsayar da hannunta. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Sannan ta ce, "Tun ranar Juma'a na daina jin motsinta. Na ce ko barci take. Na ji tsoron in faɗa maka ya zama gaskiya. Kwana biyu na yi shiru, Shu'aibu. Na ɗauka ka sani, shi ya sa ba ka son maganarta."

Kusan wata biyu muna ɗaki ɗaya, kowa na ɗauke da laifin da yake ganin nasa ne, yana ɓoye wa ɗan uwansa don tausayi. Muka yi kukan da ya kamata mu yi tare tun a asibiti. Ban ce mata ba laifin kowa ba, ita ma ba ta ce mini ba. Mun san kwananta ne ya ƙare, mun kuma san akwai abin da ya kamata mu yi ba mu yi ba. Muka yafe wa juna, muka roƙi Allah ya yafe mana.

Yau wata bakwai ke nan. Jinin Rakiya ya sauka, an rage mata magani. Ni har yanzu ina shan nawa, na koma kan hanya. Likita ta ce mu dakata kafin wani cikin, in ya zo kuma awo tun watan farko. Ga mai mata da ciki, ga abin da na saya da tsada: kumburin fuska da hannu, ciwon kai mai naci, ganin haske a ido, ko motsi ya ragu, kada ka jira ranar awo, kada ka jira ruwa ya ɗauke, ajiye duk abin da kake yi ka kai ta. In kuma ka ji wani ya rasa jariri, bayan ka tambayi jikin matarsa, ka tambaye shi nasa, ka tsaya ka ji amsar.

Ranar da muka yi maganar nan, Rakiya ta share fuska da bakin zaninta ta ce, "Kai ka gan ta. Ni ba a nuna mini ba, kuma na kasa tambayarka. Yaya take?"

Na ce, "Tana da gashi, baƙi, a kwance luf. Hancinki ne. Yatsunta dogaye, har da farce. Bakinta a rufe kamar wadda aka ɓata wa rai."

"Da nauyi?"

"Da nauyi. Sai da hannuna ya gaji."

Ta yi murmushi, hawaye na zuba. Ta matso kusa ta ce, "Sake faɗa mini. Fara daga gashin."